Gashin Maijego da Faransancin Kasuwa

Na yi yawo, alhamdu lillahi. Na kwana a tashar Lome a kan buhunan wani, na ci kifi a Kotonu har ya gundure ni, na yi zazzaɓi a Duwala, na sha zafin Bamako. Amma inda na koyi cewa zubewar gashi iri-iri ce, wani ya tafi ya dawo, wani ya tafi ke nan, a Abijan ne. Kuma a kan matata aka fara karatun, kafin a zo kan nawa.

Lokacin muna zaune a Bromakoté, cikin Adjamé, a irin gidan hayan nan da suke ce wa kur: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa na jin ƙamshin abin da kowa ya soya. Ina harkar shigo da kayan gyaran babur. Matata ba ta daɗe da zuwa daga Katsina ba Allah ya ba mu 'ya mace. Babu uwa kusa, babu inna, babu goggo. Wadda ta tsaya mata ita ce Hajiyar ɗakin da ke kallon namu, matar wani mahauci, wadda ta daɗe a garin har Hausarta ta fara ɗanɗanon Julanci, yaren 'yan kasuwar garin. Ita ta dafa ruwan wankan jego, ita ta sa aka nemo ganyen darbejiya, ita ta dama kunun kanwa. Har gobe in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a.

An gama wanka lafiya, an yi arba'in lafiya. Sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da maijego, ta tashi duk ta yi fari. Muna murna an warke, bayan 'yan watanni sai gashi ya fara zuba. Ba ɗai-ɗai ba. In ta sa mataji sai ya fito cike, kamar an tsefe ulu. A kan matashin kai gashi, a kwatar wanka gashi, har a cikin tafin hannun jaririya. Matar da a da in ta warware kitso sai na nemi dalilin da zai hana ni fita kasuwa, ta koma ɗaura ɗankwali ko a cikin ɗaki, ko ni kaɗai ne.

Kun san mutanenmu ba sa yar da gashi a ko'ina, binnewa ake yi, kada ya faɗa hannun da bai kamata ba. To ina za ka binne abu a gidan da duk siminti ne? Sai ta riƙa ƙulle shi a leda tana ba ni. Ni da nake shiga tashar jirgin ruwa ina ciniki da manyan mutane, ga ni ina zaga Adjamé da gashin matata a aljihu, ina neman inda ƙasa ta leƙo. A ƙarshe gindin wani mangwaro na samu a bayan babbar tashar mota. Masu dako suna kallona, na san sun ce Alhajin nan asiri yake binnewa.

A tsakar gida kuwa kowa ya zama likita. Wata ta ce ruwan garin ne, gishirin teku ya shige shi. Wata ta ce baki ne, an yaba gashin da yawa ranar suna. Hajiya ta ce ita dai kada wanda ya ɗora laifin a kan wankan jegon da ta shirya, ruwan da ta dafa ko a Katsina sai haka.

Tafiya ta kama ni zuwa Lome. Kafin in fita na roƙi Hajiya ta raka ta wurin wata likita a Treichville da aka ce ta san harkar fata da gashi, tunda matata ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa.

Da na dawo, ina shiga ɗaki na ga jaka a ɗaure, ga ƙullin kayan jaririya a kai.

"Sannu da zuwa, Alhaji."

"Yauwa. Wa zai yi tafiya?"

"Ni."

Na zauna a bakin gado, ban ko cire takalmi ba. Ta ce likita ta duba ta, ta ce gashin ba zai tsaya ba, zai ci gaba da ja da baya. Ta ce ita ba za ta zauna a garin da ruwansa ke cin kan mutum ba, har ta wayi gari kanta kamar ƙwarya. Gida za ta tafi wurin innarta a nema mata magani.

"Sai yaushe za ki dawo?"

Ta gyara wa yarinya zani. A nan gabana ya faɗi, don na san matata ba mai yawan magana ba ce, kuma na ga mutane da yawa a garin nan da iyalinsu suka tafi ganin gida, shekaru suka wuce suna cin garba, garin rogo da soyayyen kifi, a bakin titi su kaɗai.

Na leƙa na kira Hajiya. Ta shigo tana goge hannu a zani.

"Hajiya, me likitar nan ta ce takamaimai?"

"Da kunnena na ji, Alhaji. Ta ce *ça va repousser*. Har sau biyu. Kuma tana faɗa tana murmushi, mara tausayi."

To ga inda matsalar take. Faransancin Hajiya a kasuwar Adjamé ta koye shi, inda masu amalanke ke tafe suna ihu, "Poussez! Poussez!" wato matsa, tura, ba ni hanya. Ta kuma san in an sa "re" a gaban kalma, an ce a sake ke nan. Ta haɗa biyun ta samu: zai sake turawa baya. Gaskiya ni ma nawa Faransancin na kwastan ne da direbobin tirela, kuma ni ma turawar kawai na sani. Amma murmushin nan ya tsaya min a rai. Na ga likitoci a ƙasashe da dama, ban taɓa ganin wanda ke ba da mummunan labari yana washe baki ba.

Na ce da matata, "Ki yi min alfarma ɗaya. Mu koma wurin likitar tare. In ta maimaita a gabana, ni da kaina zan kai ki tasha."

Hajiya ta ce ita ma sai ta je, kada a ce ta yi ƙarya.

Washegari muka shiga woro-woro, irin tasin nan na haɗaka, muka haye gada. Likitar wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, da tabarau rataye a wuya. Na yi mata bayani da guntun Faransancina, har na nuna mata da hannu yadda ake tura amalanke. Ta dube ni, ta dubi Hajiya, sai ta kifa kai a tebur tana dariya. Da ta farfaɗo ta ɗauko wata 'yar tukunyar fure da ke kan taga, ta nuna sabon ganye, ta ce wannan ma *pousser* yake yi. Tsiro. Kalmar ɗaya ce, amma ita tsiro take nufi. Zai sake tsirowa.

Hajiya ta ce, "To su ma Faransawan nan, kalma ta ƙare musu ne?"

Likitar ta ga matata ba ta yi dariya ba, sai ta daina. Ta ja kujera kusa, ta ce a kwance ɗankwalin, ta koma Julanci a hankali, wanda ni da Hajiya muke ji sosai, ina mayar wa matata da Hausa. Ta ce mace mai ciki gashinta kusan ba ya zuba, taruwa yake yi. In ta haihu, bayan 'yan watanni duk wanda ya kamata ya zube tun tuni sai ya tashi tafiya lokaci ɗaya. Zazzaɓi mai zafi ma yana yin haka, ƙarancin jini ma haka, ita kuwa ta haɗa duka. Ta tsaga gashin da yatsa ta ce in matso in gani. Ta ce in lura ko'ina ya ragu daidai, ba wuri ɗaya ya cinye ba. Fatar lafiya lau, ba ƙuraje, ba tabo, kuma ga 'yan ƙofofin gashin nan duk a buɗe. Saiwar tana nan. Irin wannan dawowa yake yi.

Matata ta yi magana karon farko. "Tambaye ta, wanda ba ya dawowa fa, yaya yake?"

Na tambaya. Likitar ta sa tabarau ta kalle ni, ta ce, "Alhaji, cire hularka."

Na ce ai ba ni ne mara lafiyar ba. Hajiya ta ce, "Cire mana, Alhaji, ai mun san abin da ke ciki."

Na cire. Likitar ta kama kaina tana juyawa kamar mai zaɓen kankana. Ta nuna wa matata gefen goshina biyu da suka shige ciki, da tsakiyar kai da ta fara haske. Ta ce wannan ba ya zuba a mataji ka gani, a hankali yake sirancewa shekara da shekaru, har ya koma kamar gashin jariri, sannan ya ɓace. Ta tambaye ni kan mahaifina. Na ce Allah ya jiƙansa, in ya cire rawani ana iya duba fuska a kansa kamar madubi. Ta ce to gado ne, sanƙo ne, akwai abin da ke rage masa gudu amma ba zai koma yadda yake ba.

Na ce, "Ba hula ce ta jawo ba?"

Ta ce hula ba ta da laifi, rufa min asiri ma take yi.

A nan ne matata ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa don dariya. Rabona da ganin haka tun kafin zazzaɓin. Wallahi da an ce in bar kan a buɗe har Adjamé da na bari.

Hajiya tana cikin yi min dariya likitar ta juyo kanta, ta ɗan ɗaga mata ɗankwali. Gaban goshin Hajiya da bayan kunnuwa sumul, suna sheƙi. Likitar ta ce wannan kitso ne mai tsauri, shekaru ana ja. Da an sassauta tun yana ƙaiƙayi da 'yan ƙuraje da ya dawo, amma in fata ta yi santsi haka, ƙofofin sun toshe. Hajiya ta gyara ɗaurinta ta ce ita dama ba neman miji take yi ba. Amma tun daga ranar duk yarinyar da aka yi wa kitso a gidanmu tana kuka, sai Hajiya ta fito ta tsaya a kan mai kitson.

Aka ba matata maganin ƙarin jini, aka ce ta ci hanta da ganye, ta bar kitso mai ja da man da ke miƙar da gashi. In yarinya ta fara tafiya ba a ga canji ba, a dawo a duba wani abin. Mijin Hajiya da ya ji, kullum sai ya aiko da hanta daga mayanka, har yarinyar ma na ce da ƙamshin hanta za ta girma.

Kada ku ce a ranar aka kwance jaka. Matata ta ce wancan karon ma magana ce aka yi, wannan ma magana ce, ita sai ta gani. Jakar ta zauna a bayan ƙofa, ina shiga ina fita ina gaishe ta. Abin da na lura shi ne ledar da ake ba ni tana ƙara ƙanƙancewa, har aka daina ba ni.

Wata safiya ina shirin fita, yarinya tana rarrafe tana jan ƙafar wandona, matata ta kira ni bakin ƙofa inda haske yake. Ta zame ɗankwali baya. Duk layin goshinta wasu 'yan gajerun gashi ne tsaye cirko-cirko, sun ƙi kwanciya, kamar gero ya yi kwana kaɗan da fitowa.

"Ka gani, ko idona ne?"

"Na gani. Sun ma fi nawa yawa."

"Wannan ai ba abin alfahari ba ne, Alhaji."

Ta mayar da ɗankwalin, ta ce in na bi ta tasha in nemi direbobin da ke komawa arewa, in ba da saƙo wurin innarta. Na tsaya ina jira in ji.

"A ce mata muna lafiya, ba yanzu zan zo ba. Ta aiko min da kuka da daddawa, na garin nan ba su da daɗi."