Neman Batir Don Gwaggo Tamo

Lahadi: Filinge zuwa Baleyara

Ana sallame sallar asuba na rataya jakar kamara na nufi tasha. Taubashina Hamidu ya riga ni isa. Yana zaune bisa benci cikin farar babbar riga, kamar wanda za a yi wa naɗi.

"Kai kuma ina zuwa?" na tambaye shi.

"Rakiyar bawana. Kai ɗaya za ka Yamai? Ko saida ka anka yi, sai ka taya su ciniki."

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Ni mai hoto ne a Filinge, kuma tun da salula ta cika gari hoton katin shaida kaɗai ke riƙe da ni. Ina da wata kamarar bidiyo mai cin ƙaramin kaset, wadda na saya ta hannu wurin wani ɗan garinmu da ya dawo daga Kwatano. Ta ci bukukuwa da yawa kafin igiyar wutarta ta ƙone, batirinta kuma ya kumbura kamar fanke. Masu ƙera ta sun daɗe da daina yin irinta, sai na tura ta ƙarƙashin gado.

Gwaggo Tamo, yayar mahaifina kuma uwar Hamidu, ita kaɗai ta rage a danginmu da ta san kirarin kakanninmu da waƙoƙin niƙa na matan da. Jikokinta na Abijan sun yi shekaru suna roƙo a ɗauke ta, tana cewa a'a. To, ranar Juma'a, bayan ta tashi daga wata jinya da ta tsorata mu duka, ta aika aka kira ni.

"Isuhu, akwatin nan naka mai ido guda yana nan?"

"Yana nan, Gwaggo."

"Da shi za ka ɗauke ni. Ban da salula, abin tsegumi da kowa ka shiga makewayi da shi. Laraba nika komawa ƙauye. In ka zo, ka iske ni. In ba ka zo ba, kada wani ya sake yi min zancen."

Wanda ya san Gwaggo ya san ba ta maimaita tayi.

Motarmu ƙaramar bas ce, kuɗin mota jika biyu na sefa kowa zuwa Baleyara, da raguna huɗu ɗaure a sama. Hamidu ya ƙwace wurin taga, ya ce manya ba su zama tsakiya. Ba mu yi nisa ba ɗaya daga cikin ragunan ya saki abin da ya sha, ya biyo gefen mota ya sauka a kafaɗar babbar riga. Na yi masa barka da samun taga.

A shingen Bonkuku jandarma ya karɓi katunanmu. Ya dubi na Hamidu, ya dubi Hamidu, ya sake duban katin.

"Wannan kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ga wanda ya ɓata ni nan zaune, shi ya ɗauki hoton."

"Abin da na iske shi na ɗauka," na ce.

Jandarman ya yi dariya ya miƙo katunan.

Mun shiga Baleyara da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, ƙurar shanu ta tashi. Bayan layin masu hatsi muka sami wani mutum ya baza tabarma da tsoffin rediyo, fitilu da cajoji. Hamidu ya ce in ja baya, nan ƙasar Zabarmawa ce, shi ya iya bakinsu. Ya yi gaisuwa tiryan-tiryan, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya. Daga nan Zabarmancinsa ya ƙare, sai ya koma farko ya sake gaisuwar. A zagaye na uku mutumin ya ce da Hausa garau, "Malam, ni ɗan Dogon Dutsi ne. Mi kake nema?"

Na nuna masa batirin. Ya juya shi, ya shinshina, ya mayar mini.

"Rabona da irin wanga tun ban yi aure ba. Ku tafi Yamai. In Babbar Kasuwa ba ta da shi, ku faɗa kasuwar Katako. Abin da duniya ta yar, can yake kwana."

Muka ci dambu da zogale a rumfar wata mata, muka kora da fura, muka hau wata motar.

Yamai

La'asar muka sauka. Masaukinmu gidan Abdu tela ne a Bukoki, ɗan unguwarmu da ya daɗe a birni. Na ce mu kira shi ya zo ya ɗauke mu, Hamidu ya ce kunya ce, ai shi ya zauna Yamai wata uku yana saurayi. Alamarsa ita ce wata babbar bishiyar darbejiya da mai shayi a ƙarƙashinta. Muka yi ta zagaye muna neman bishiya, muka iske gadar sama a inda ya rantse nan take. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon gadar kamar ta ci masa amana. Daga baya Abdu ya zo ya same mu a bakin wani kantin magani. Matarsa ta ba mu shinkafa da miyar gyaɗa, ta kuma karɓi babbar rigar da yatsu biyu ta kai bayan gida.

Litinin: Babbar Kasuwa da Katako

Shago bakwai ko takwas na shiga. A na farko saurayin da ke tsaron shagon ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga kamarar. A wani aka ce in kai ta gidan tarihi, wataƙila su ba ta ɗaki kusa da ƙasusuwan dabbobin da. Wani ya roƙe ni in bari ya riƙe ta, ya ɗauki kansa hoto da salularsa. Kowa kuma sai ya ƙare da nuna mini waya mai ido uku. Na gaji da bayanin Gwaggo, don duk wanda na faɗa wa sai ya ce a ɓoye salular cikin kwali a ɗauke ta.

"Ba ku san Inna ba," in ji Hamidu. "Ko cikin rijiya kunka ɓoye ta, sai ta ji warinta."

Azahar ta same mu a Katako. Wanda bai taɓa shiga ba, ya ɗauka ana rushe gari ne: maƙera na dukan ganga, masu tukwane na narka gwangwani, ga katako, ga ƙarafa, ga hayaƙi. Tambaya ta kai mu wata rumfa a lungu, wurin wani dattijo mai gyara da ake kira Baba Sumana. Kunnensa ɗaya ya mutu saboda hayaniyar maƙwabta, sai an zagaya ta hagu ake yi masa magana.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi kamarar da hannu biyu, ya ce, "Oho, ƴar gidan nan ce." Ya jawo wani buhu ya zazzage. Gawarwakin kamarori ne, wata ba ido, wata ba murfi. Ya tono ɗaya irin tawa sak, har da batirinta a manne. Zuciyata ta yi tsalle. Ya ɗana masa waya ya gwada, ya girgiza kai.

"Tare suka mutu."

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe tawa, ya nuna mini wata ƴar roba da ke jan kaset ta narke ta zama kamar ƙaro. Ashe ko na sami batir a Baleyara, da na koma gida da abin kunya. Ya ciro ta gawar ya sa mini. Sa'an nan ya ɗauki zarto ya tsaga batirina, ya ƙwaƙule cikinsa ya bar ɓawon, ya fasa wani batirin kwamfuta ya zaro ƙwayoyi biyu masu rai. Da ya zo sa su cikin ɓawon, suka ƙi shiga. Ya waiga, ya ga gwangwanin madarar da yake zuba kusoshi, ya juye kusoshin. Ya naɗe ƙwayoyin da roba ya zaunar da su ciki, ya huda murfin, ya fito da waya ja da baƙa ya kai su ɓawon, ya ɗaure komai da baƙin salatif. Ya danna. Jar fitila ta kama, kamarar ta yi ƴar ƙararta da na yi shekaru ban ji ba. Sai da na juya baya na share ido.

"Zai kai ka rabin kaset, in Allah ya so," in ji shi. "Kada ka bar shi a rana, kada wayoyin nan su taɓa juna. In ya yi zafi, ajiye ka ja baya."

Sabon kaset babu, sai tsofaffi biyu da za a ɗauka a kansu. Muka leƙa na farko, bikin wasu mutane ne da ba mu sani ba. Hamidu ya manne ido, ya ce haram ne a goge amarya mai kyau haka. Na biyu wani taro ne, mutum guda da kwat yana karanta takarda, na gaba suna gyangyaɗi. Shi muka ɗauka ba tare da jayayya ba. Duka aikin jika tara, har da roƙon a gaishe da tsohuwa.

Talata: hanyar gida

Mun bar Yamai da sassafe, muka wuce Hamdallay da Baleyara lafiya. Gaba kaɗan muka iske shingen sojoji. Kun san halin da hanyarmu take ciki a shekarun nan, ba mai ganin laifinsu in sun ce a sauke kaya. Kowa ya buɗe jakarsa a bakin kwalta. Wani soja matashi ya sa hannu cikin tawa, ya ɗago gwangwani naɗe da baƙin salatif, waya ja da baƙa na reto.

Ban taɓa ganin mota ta watse da sauri haka ba. Wata mata ta bar takalminta guda. Direba ya shige bayan wata tumfafiya da ba ta kai ƙugunsa ba. Sojan ya ajiye gwangwanin a hankali, ya ja baya, bakin bindiga ya juyo ya dube ni.

"Na wane ne?"

"Nawa ne. Batir ne, wallahi batir ne."

Sajansu ya iso. Ya nuna Hamidu da ke gefena. "Tare kuke?"

"Wa? Ni?" in ji Hamidu. "A tasha na gan shi."

Ɗan gwaggona, wanda muka ci tuwo akushi ɗaya! Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi katinsa, ni na ɗauki hoton." Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Sajan ya ce in ɗauki kayana in tafi can tsakiyar fili in haɗa, in batir ne a gani. Na ɗauka na tafi. Sai a lokacin na tuna maganar Baba Sumana, ga rana ta take, ga wayoyi biyu na neman juna. Na yi bisimilla na manna. Jar fitila ta kama. Na buɗe ɗan allon gefe na ɗaga sama.

Sajan ya matso a hankali. "Kada ka nuna mu. Nuna wancan da bai san ka ba."

Na juya ta kan Hamidu. Ga shi cikin allo, hannuwa sama ba wanda ya sa shi, hula a karkace. Sajan ya leƙa, ya kira yaransa suka leƙa, sai dariya ta ɓarke har direba ya fito daga tumfafiya. Ya tambaye ni abin da ya sa nake wahala da wannan tsohuwar aba. Na ba shi labarin Gwaggo. Sai ya ce tasa kakar ta rasu yana bakin aiki, ko hotonta guda ba su da shi.

"Kashe, kada ka ƙarar mata da wuta. Ku tafi."

Har Filinge Hamidu yana bayani wai dabara ce ya yi, don in an tafi da ni a sami mai kai labari gida.

Laraba: gida

Da hantsi na isa gidan da Gwaggo ta yi jinya. Amalanken jaki na ƙofa, an riga an ɗora ƙunshin Gwaggo. Na same ta bisa tabarma a inuwar zaure, ta sha baƙin zane na saƙi da ban taɓa ganin ta da shi ba. Ta dubi gwangwanin.

"Madara ka kawo min?"

"Abincin akwatin ne, Gwaggo. Ba shi da yawa, sai a fara da kirarin."

"Ni za ka koya wa inda za a fara?"

Na danna. Ta gyara zama, ta dubi idon kamara, ta fara da jikokinta na Abijan ɗaya bayan ɗaya: wanda bai aiko da gaisuwar salla ba, wadda ta sa wa ɗiyarta sunan da ba a iya faɗa. Ta gangaro kan awakin Hamidu da suka cinye mata wake. Ina taɓa gwangwani ina jin ya fara ɗumi, gumi na zuba mini, ba halin in katse ta.

Sai ta bar faɗan. Ta rufe ido, ta ɗora hannuwa bisa gwiwa tana tura su gaba da baya kamar mai niƙa, murya ta fito siririya. Matan gidan suka bar abin da suke yi suka taru a ƙofar zaure. Ta yi waƙa uku, ta shiga kirarin kakanni tun daga wanda ya fara haƙa rijiyar ƙauyenmu, tana kiran sunaye da ko Hamidu bai taɓa ji ba. Ta kai kan mahaifina ta tsaya.

"Ya isa. Nuna min."

Na mayar da kaset baya kaɗan, na kai allon kusa da fuskarta, don idonta ya yi rauni. Ta daɗe tana kallon tsohuwar da ke waƙa a ciki. Ta kai yatsa ta shafi allon.

"Wagga ai Inna ta," ta ce a hankali. "Isuhu, ina ka samo Inna?"

Fuskar uwarta ta gani cikin tata. Muna nan tsaye jar fitilar ta yi ƙifta biyu ta mutu. Gwaggo ta goge fuska da gefen zane, ta ce a kama ta ta tashi, jaki ya gaji da jira.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Abdu da matarsa, da Baba Sumana, da sajan da ban san sunansa ba. Hamidu ma na gode masa, ko da yake a tasha ya gan ni.