Ruwan Dafa Soba

Kanae ba ta kula da tarin farko ba. A na biyu ne ta waiga, ta ga leɓen Tsumugi, 'yar yayanta mai shekara uku, ya kumbura, borin jini ya feso mata a wuya. Akwai ƙaramin kofi a hannun yarinyar.

"Baba, me ka ba ta?"

"Ruwa ne," in ji Tokuji daga bakin tukunya. "Ko sili ɗaya na taliya ban ba ta ba."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Tokuji yana murza taliyar soba, wadda ake yi da garin wani irin hatsi, a shagon da ya gada wurin mahaifiyarsa, a wani ƙauyen Nagano. Ba ya barin baƙo ya tashi bai kurɓi farin ruwan da aka dafa taliyar a ciki ba. A wurinsa wannan ba abinci ba ne, ladabin rufe ci ne. Da shi aka yaye 'ya'yansa biyu.

Watan jiya likita ya ce jikin Tsumugi ba ya karɓar soba. Kanae, da ba ta daɗe da gama karatun ilimin abinci a jami'a ba, ta zaunar da mahaifinta. Ta ce hanji ne ke koya wa garkuwar jiki ta bar abinci ya wuce lafiya, kada ta ɗauke shi maƙiyi. A jikin yarinyar, darasin soba ne bai zauna ba.

"To malama, a koya mata kaɗan-kaɗan mana," ya ce yana dariya.

"Ba a gida ba, Baba. Sai gaban likita."

Ya yi alkawari ba taliya, kuma ya cika. Ruwan ne babu wanda ya ambata, har ita Kanae mai takardar karatun.

Numfashin yarinyar ya koma shewa. Kanae ta zazzage jakar, ta zaro allurar da likita ya bayar, ta caka mata a cinya, sannan ta kira motar asibiti.

Yanzu Kanae da mahaifinta suna kan benci a asibiti, garin soba bai fita daga faratan Tokuji ba.

"Da ni yake gaba, jikin nata?" ya tambaya a hankali.

"Ba da kai ba, Baba. Kuskure ya yi."

"Ashe mu biyu ne, ni da shi."

Iyayen yarinyar suna cikin jirgin ƙasa, suna tahowa. An shiga da ita tun ƙarfe biyu na rana, kuma har yanzu likita bai fito ya ce maƙogwaronta ya buɗe ba.