Sista Irene, Mai Sauraren Ƙirjin Matan Gubuchi

Kullum da hantsi, in ta sallami masu awon ciki a ɗan asibitin Gubuchi, Sista Irene takan rataya abin sauraren ƙirji a wuya ta shiga gari. Gidajen matan da aka yi wa maganin kansa a Zariya take bi. Ba wanda ya sa ta.

Firdausi matar Maiwada ce mafari. An cire mata nono, aka ɗura mata magani ta jijiya har sau shida, likita ya ce cutar ta kwanta. Har waina aka yi ta sadaka. Shekara ta zagayo, Sista ta tarar da ita zaune a bakin rijiya tana haki, ta kasa jawo guga. Ta danna mata ƙafa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"'Yata, yaya kike kwana?"

"A zaune, Mama. In na miƙe sai in ji kamar an danne ni."

Maiwada ya ce gajiyar girbi ce. Sista ta ce, "Malam, wannan ba gajiya ba ce. Ku shirya, gobe tare za mu tafi."

A Zariya aka yi hoton zuciya. Likita ya ce maganin da ya kashe kansar shi ya raunana zuciyar, kuma ba za ta koma daidai ba. A mota Firdausi ta ce, "Mama, da ban yarda an ɗura mini ba fa?"

"Da ba ki ga yayen autarki ba."

Wata bakwai Firdausi ta ƙara a duniya.

Bayanta Sista ta raka wasu mata huɗu Zariya. Rahmatu kaɗai aka tari ciwonta da wuri, tana nan tana shan ƙwayoyinta. Sauran Sista ta je gaisuwarsu.

Ke ce mai jin abin da ƙirji yake ɓoyewa, Sista. Ke ce mai komawa gidan da kika san ba za ki yi nasara ba. Watan gobe za ki yi ritaya, har yau ba a turo kowa ba.

Mun gode, Allah ya saka miki. Mu kuwa da muka rage, in wadda ta sha maganin nan ta fara haki ko kumburin ƙafa, kada mu ce gajiya ce. Mu ɗauke ta zuwa asibiti a ranar.