Yadda Gaisuwa Ta Hana Ja'afaru Lamba

A unguwar Kwarbai, idan ka ce Ja'afaru mai ɗinki, za a tambaye ka wanne, don sun kai biyar. Amma idan ka ce Ja'afaru mai gudu, ko baƙon jiya zai nuna maka zaurensu. Ɗinkin hannu ne sana'arsa, aikin wuyan manyan riguna, irin wanda mutum kan yini a tabarma ya tanƙwashe ƙafa yana bin zare da allura. Wataƙila wannan zaman ne ya sa ƙafafun suka yi masa bore, don tun yana saurayi, da an idar da sallar asuba sai ya ɗaura kambas ya bi bayan ganuwa da gudu, ba mai bin sa, shi ma ba wanda yake bi.

Duk shekara ana yin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta gari. Kwana biyu ake yi a filin wata makaranta, masu tsalle su yi tsalle, masu jifa su yi jifa, rana ta uku kuma a saki masu dogon gudu a kan titi, kilomita goma. Daga Gyallesu ake tashi, a bi ta Tukur-Tukur, a shiga cikin birni, a keta Kwarbai, sannan a ƙare a filin. Mutum ukun farko ake rataya wa lamba a wuya. Ja'afaru ya shiga sau goma sha shida, bai taɓa jin nauyin lambar nan ba.

Ba gudun ne bai iya ba. Daga Gyallesu zuwa bakin ganuwa sai dai a hango ƙeyarsa. Matsalar tana farawa ne daga inda Kwarbai ta fara. Nan aka haife shi, nan aka yi masa tarbiyya, tarbiyyar kuma ta kama shi da kyau: bai iya wuce babba bai rusuna ba. Ranar gasa kuwa kowane dattijo na unguwar sai ya fito da tabarma ƙofar gida don ya ga ɗansu. Ga Malam Yari da ya koya masa karatun allo, ga ƙanen mahaifinsa, ga maigidansa na ɗinki. Gaisuwar Kwarbai kuma ba a ɗaga mata hannu a wuce. Sai ka tsaya ka durƙusa, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka iyali, a sa maka albarka ka amsa. Wata shekara Malam Yari ya riƙe hannunsa ya yi masa addu'ar nasara, kafin a shafa mutum goma sha ɗaya sun wuce.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan ladabi shi ne Malam Lucas, wani malamin firamare daga Wusasa, mai lambobi huɗu a bangon ɗakinsa. Duk shekara a wurin tashi sai ya dafa kafaɗar Ja'afaru.

"Mutumina, ya dattawanmu na Kwarbai? Allah ya sa duk suna nan lafiya."

"Ka bari wata rana a karkata hanyar ta Wusasa, mu ga yadda za ka yi da naka."

"Ai nawa sun sani. Sai bayan an ba ni lamba nake zuwa gaisuwa, in kai musu su gani."

Bana Ja'afaru yana da shekara talatin da tara. Dokar gasar ta ce wanda ya cika arba'in sai rukunin dattawa, tafiyar kilomita biyu a natse, a ba kowa takardar shaida da ruwan leda. Wato in bai samu lambar bana ba, shi ke nan. Matarsa Safiyatu ta lura ya warware wuyan riga ɗaya har sau uku.

"Malam, kai dai ka yi gudunka," in ji ta. "Dattawan nan ka bar min su."

Mako guda ta yi tana shiga gida-gida, tana roƙon kowane tsoho ya zauna cikin zaure ranar gasa har masu gudu su wuce. Duk suka amince, wasu har da jin kunya, don sai a ranar suka gane abin da suka daɗe suna yi wa yaron. Labari ya kai ga mahaifinta, Alhaji Bahago mai sayar da yadi, wanda bai taɓa zuwa kallon gudun surukinsa ba. Tausayi ya kama shi, na Ja'afaru da na tsofaffin da za a kulle a zaure. Sai ya ɗauko hayar bas, ya kwashe su gaba ɗaya ya kai su filin, su ga ƙarshen abin ba tare da sun tare wa kowa hanya ba. Bai gaya wa Safiyatu ba, so yake ya ba ta mamaki.

Masu shirya gasa kuwa 'yan gari ne. Suka ga dattawa cikin manyan riguna suna tsaye a rana, abin bai yi musu tsari ba. Aka ɗauko benci biyu aka ajiye musu a inuwar darbejiya, a bakin hanyar masu gudu, taku ashirin kafin layin ƙarshe.

Ja'afaru ya keta Kwarbai kamar ba unguwarsu ba, ƙofofi duk wayam. Ya shigo fili shi kaɗai, Malam Lucas na can baya ko ƙurarsa bai shaƙa ba. Jama'a suka miƙe. Sai ya ɗaga kai ya ga dattawan unguwarsu a jere, surukinsa a tsakiya.

Suruki kuwa ba a gaishe shi da takalmi a ƙafa. Ja'afaru ya ja birki, ya sunkuya ya hau kwance igiyar kambas. Safiyatu daga ɓangaren mata tana kaɗa masa mayafi kamar mai korar kaji.

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya. An zo lafiya?"

"Wuce, wuce, Ja'afaru," in ji Alhaji Bahago. Amma an riga an gaishe shi, bakinsa kuma ya saba. "Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya yaran?"

Malam Lucas ya zo wucewa, ya ɗan rage gudu, ya dafa ƙirji ya ce, "Barkanku da hutawa, iyayenmu." Wasu biyu suka bi bayansa. Ja'afaru ya gama da benci na farko, ya gaida na biyu a dunƙule, abin da har yau yake jin nauyinsa, sannan ya tsallake layin da takalmi a hannu. Na huɗu ya zo.

Da la'asar Safiyatu ta je gidansu da niyyar magana, ta tarar da mahaifinta cikin fara'a, yana ba baƙi labari.

"Safiyatu, mijin nan naki ɗan mutunci ne, samun irinsa sai an tona," in ji shi. "Sai dai ki lallaɓa shi ya haƙura da gudun nan. Ni da idona na gani yau, bai iya ba."