Gammon Furen Mai Lambu

Shekara talatin da huɗu Mai Lambu ya yi yana durƙuso a harabar asibiti. Shi ya dasa bishiyoyin da ke kan hanyar shiga, shi ya san shukar da ke son rana da wadda ke gudunta. Likitoci sun zo sun tafi, an sake wa ginin fenti sau huɗu, shi yana nan da almakashi a aljihu, tiyo a kafaɗa. Sunansa na yanka ma ba kowa ya sani ba. Ko matarsa, wadda yara ke kira Inna, in tana jin tsokana Mai Lambu take ce masa.

Gwiwa ce ta sallame shi tun kafin takardar ritaya ta iso. Ya dawo gida, hawa na biyu, daga shi sai tukwanen shuka uku a baranda. Kafin rana ta ɗaga ya ba su ruwa, ya share ganyensu, aiki ya ƙare. Sai ya bi Inna kicin yana gyara mata zaman cokula.

"Malam, don Allah ka nemi abin yi," in ji ta. "Ka zame mini ƙarfen ƙafa."

Abu ɗaya ya tsana a duniya: furen roba. Yakan ce ƙarya ce aka shafa wa launi.

To, ana nan sai autarsu ta buɗe shagon gyaran gashi. Wata Asabar, lokacin kaka ya kama, ganyen bishiyoyi ya fara rawaya, ta shigo da ƙatuwar leda ta zazzage a kan teburin falo. Ga zoben waya mai faɗin faranti, ga furannin roba ja da ruwan goro, ga ganye, ga 'ya'yan itace ƙanana, ga bindigar gam. Ta ce ado za ta haɗa na ƙofar shago, irin wanda ta gani a waya.

Mai Lambu ya ɗaga zoben ya juya shi. "Auta, wannan gammon fa? Tulun wa za ki ɗauka?"

"Kai, Baba! Ratayawa ake yi."

Ya ja rediyonsa ya koma gefe, wai shi ba ruwansa. Amma ido ba ya jin magana. Yana kallo ta jera furannin ɗaya bayan ɗaya, ja, ruwan goro, ja, ruwan goro, kowanne ya fuskanci gaba. Ya yi gyaran murya. Ya rage rediyo. Can dai abin ya ci tura.

"Faretin sojoji kike haɗawa? A ina kika taɓa ganin fure ya tsaya a sahu?"

"To ai haka yake a hoton, Baba."

"Mai hoton bai taɓa shuka ko albasa ba. Matsa."

Ya cire komai, ya bar zoben tsirara. Ya fara da manyan ganye, yana kwantar da su duk gefe guda kamar iska ta bi ta kansu, yana ɗaurewa da siririyar waya. Sannan ya tara manyan furanni uku a ƙasa ta hagu, ya bar sama kusan fayau. Auta ta ce ai wajen ya yi fili. Ya ce shuka ma tana son wurin numfashi. Ƙananan ya soka su a bayan ganye, wasu na leƙe, wani ya juya baya gaba ɗaya.

"Wannan fushi yake yi?" in ji Auta.

"Rana yake nema. Kowane lambu akwai mai taurin kai."

Gam mai zafi ya ɗiga masa a babban yatsa. Ya yi tsalle irin wanda gwiwarsa ta manta da shi, yana yarfe hannu yana salati. Inna ta fito da kofin ruwan sanyi tana dariya har da hawaye.

"Shekara talatin ƙaya ba ta sa ka ihu ba, yau roba ta rama wa 'yan'uwanta."

Bai kula ta ba. Ya tsoma yatsan, ya ci gaba da ɗaya hannun. Daga ƙarshe ya ɗauki almakashinsa na lambu ya ɗan gutsure gefen ganye biyu, ya huda na uku. Auta ta dafe kai.

"Baba, sabo ne fa!"

"Tsutsa ce ta ci. Ganyen da tsutsa ta ƙi, ido ma ba ya yarda da shi."

Aka rataye shi a ƙofar shago. Kwana uku bayan haka Auta ta kira shi a waya tana shaƙewa da dariya: wata mata ta yi mata faɗa, wai ta bar fure mai kyau haka yana bushewa ba ta yayyafa masa ruwa.

Cikin masu zuwa gyaran gashi akwai wata babbar nas ta asibitin da Mai Lambu ya bari. Ta tsaya a ƙofar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ya yi kama da lambun da ke bayan ɗakin haihuwa a da. Wa ya haɗa?" Da ta ji amsa sai ta tafa hannu. Ta aiko da roƙo: a ɗakin masu ciwon ƙirji ba a barin furen gaske, saboda yana tayar musu da tari. Ko Baba zai yi musu guda?

Sati guda ya yi a kansa. Ya aiki Auta kasuwa sau uku, don wai koren da ta sayo ya cika sheƙi. Ranar kaiwa ya sa rigarsa mai kyau, ya ƙi yarda kowa ya riƙe masa gammon. Tun daga get masu gadi suka taso, masu shara suka ajiye tsintsiya, ana "Mai Lambu! Mai Lambu ne!" Sai da ya yi rabin awa kafin ya kai ƙofar ɗakin.

Bai taɓa shiga ciki ba. Duk shekarun nan ta taga yake hango masu jinya, su ma ta taga suke hango shi. Nas ɗin ta hau kujera ta rataye gammon a bangon da ke fuskantar gadaje, shi yana ƙasa yana ba da umarni: a ɗan karkata hagu, a'a, ya yi yawa.

Wani dattijo a gadon ƙarshe ya yafito shi. Ya ce shi ma manomi ne, wata biyu ke nan rabonsa da ganin ganye.

"Wancan jan, me ake ce masa?"

Mai Lambu ya duba furen, ya sosa ƙeya. Gaskiya bai san irinsa a ƙasa ba, masana'anta ce ta ƙirƙiro abinta. Ya faɗa masa haka. Dattijon ya yi dariya har sai da nas ta harare su. Mai Lambu ya jawo kujera, suka shiga hirar taki da irin ƙasar da ke riƙe ruwa. Da aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya, Auta ce ta zo ta janye shi, yana waiwaye yana ce wa dattijon bai yarda da maganarsa kan tokar murhu ba, zai dawo jibi su ƙarasa.