Maɓallin da Inna ta ƙi dannawa

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, maganarta ma ta ɗauke. Hannun hagu kaɗai ke motsi. Ni kuwa gyaran rediyo da tocila nake yi a zauren gidanmu a Rano, sai na ce yauwa, ga ranar sana'ata ta zo.

Na samo maɓallai biyu masu ƙwan fitila a ciki, ja da kore, na kafa su a katako. Waya ɗaya daga batir zuwa ƙafar maɓalli, ɗaya ƙafar na haɗa ta da ƙwan da ƙararrawa, yadda in an danna zai kawo wuta, can kuma a ji ƙara. Sai da na ƙona ƙwai kafin na tuna da ɗan abin rage wuta. Ja yana kaɗawa a ɗakin ƙanwata, wadda ta zo jinya daga Durba. Kore a zaure, wurina.

Na ce, "Inna, in kina son wani abu ki danna koren, ni zan zo."

Ta kawar da kai.

Ni ne ɗanta na fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kunya ba ta barinta ta kira ni. Wai ni mai dabara, wannan ban kawo shi a raina ba! Ja ya sha danna har ya koɗe. Koren kullum sai na gwada shi ko waya ce ta tsinke. Ina! Lafiyarsa lau.

Da girbi ya zo ƙanwata ta koma gidan mijinta. Rannan da azahar na leƙa, na tarar da leɓen Inna ya bushe, kofin ruwa ya yi mata nisa, tana ta danna ja, yana kaɗawa a ɗakin da ba kowa. Wallahi sai da na yi hawaye.

Na roƙe ta, na yi fushi, na sake roƙo. A banza. Sai na lallaɓa na mayar da wayar ja zaure.

Da la'asar ƙararrawa ta kaɗa. Na shiga da gudu, ko takalmi babu. Ta dube ni, ta dubi jar wutar da ke ƙarƙashin yatsarta, ta janye hannun a hankali ta cusa cikin zane.

Daga ranar ko jan ba ta ƙara taɓawa ba.