'Yan Kore, Waɗanda Suka Kai Ni Jidda

Ƙanena yana da wata ɗabi'a mai ƙona mini rai. In ya shiga motata ya haɗa wayarsa, waƙa ba ta zuwa ko'ina sai ka ji ya tsallake ta, ya faɗa wata, ita ma kafin mawaƙin ya gama gyaran murya ya watsar da ita. Shekaranjiya haƙurina ya ƙare, na fizge wayar na cilla kujerar baya. Ya bi ni da kallo kamar wadda ta taɓu. Ban ga laifinsa ba. Shi bai san cewa waƙa guda marar daɗi a tsakiyar kaset tana iya sa yarinya kuka tun daga Bahra har Jidda ba. Ni na sani, don ni ce yarinyar.

A unguwar Tandabawi da ke Makka na tashi, a wani gida da ke maƙale a jikin dutse, wanda sai ka yi haki a matakala kafin ka kai ƙofarsa. Da safe ƙamshin wake da burodin tanda ne ke hawowa daga lungu, da yamma kuma turaren wutar Kaka ya cika ko'ina. Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Katsina, suka zo aikin Hajji, ba su koma ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake kirana Uwata, ita kuma take ce mini takwara. Mace ce mai carbi a hannu da faɗa a baki, kuma dukansu biyu ba sa hutawa.

An haife ni da ciwon sikila. Ina ajin farko na firamare wata likita a Jidda ta duba kaina da na'ura, ta ce jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwata sun matse, dole a riƙa yi mini ƙarin jini duk wata, in ba haka ba wata rana ɓarin jikina zai iya shanyewa. Matsalar ita ce ni matsoraciya ce ta gidan gaba. Da na tuna allura sai jijiyoyin hannuna su ɓuya, ma'aikatan jinya su yi ta suka suna nema. Wani lokacin tsoron ne ma yake tayar da ciwon, bayana ya riƙe, a fasa ƙarin jinin a sa mana wata rana. Duk ranar da aka fasa, Baba ba ya iya cin abinci.

Baba direba ne. Yana saurayi ya tuƙa wasu Turawa injiniyoyi a tashar jiragen ruwan Jidda, a motarsu ya koyi jin kiɗan rok, irin na dā ɗin nan mai jita da ganga. Da za su tafi suka bar masa kwali cike da kaset, shi ma ya yi ta ƙarawa daga shagunan Jidda. Turancinsa na hanya ne, bai kai na karanta sunaye ba, don haka kowace ƙungiyar mawaƙa sai ya manna wa kasetinta tef ɗin masu gyaran wuta mai launi. A gidanmu da launi muka san su: 'yan ja, 'yan shuɗi, 'yan rawaya, 'yan kore. A lokacin da nake ba ka labarinsa duniya ta daɗe da barin kaset, amma tsohuwar motar Baba ba ta samu labari ba.

Yana da doka guda da ban taɓa ganin ya karya ba: ba a kunna kiɗa a cikin iyakar Harami. Daga ƙofar gida karatun Alƙur'ani ne a rediyo, har mu wuce babbar ƙofar nan da ta haye titin Jidda, mu wuce shingen bincike. Sai mun fita iyaka tukuna zai miƙa hannu ya tura kaset, ka ji ƙas. In muna dawowa kuma, ko waƙa tana tsakiyar daɗinta, da ya hango alamar iyaka zai kashe. Abin da ya rage na hanya daga nan zuwa asibiti kusan daidai yake da tsawon kaset guda, gaba da baya. Wannan ne ya sa zancen wace ƙungiya ce ba ta da kaset na yarwa ya zama babban zance a gidanmu.

Don tsoro, in ba ka sani ba, a tsakanin waƙa da waƙa yake zama. Muddin kiɗan ya riƙe ni, ina kallon duwatsu baƙaƙe da raƙuma a gefen titi, ina buga ƙafa a bayan kujera, na manta inda za mu. Da an shiga waƙar da aka yi don cike gurbi kawai, sai hankalina ya sauka, ya tarar da allura tana jiransa. Baba yana ganin hakan ta madubi. A watannin farko ya yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a kaina.

'Yan shuɗi kasetinsu na farko-farko ba laifi, amma daga baya mai gangarsu ya bar su, kiɗan ya koma kamar na tallar sabulu. 'Yan rawaya gwanaye ne, sai dai waƙa ɗaya tana iya cinye ɓangaren kaset, a tsakiya su tsaya suna sa ƙarar iska da kukan inji, ni kuwa in fara hango gadon asibiti. 'Yan ja su ne masu abin haushi. Kowane kaset nasu akwai waƙa guda da za ta tayar maka da tsigar jiki, su sa ta a farko, sauran duk dusa, kamar kwalin dabinon da aka jera masu kyau a sama. 'Yan kore fa? Ba su taɓa yin waƙar da za ta sa ka tsayar da mota don mamaki ba. Amma tun suna samari masu siririyar murya har muryar ta dishe, ba su yi kaset ɗin da za ka kai hannu ka tura gaba ba. Waƙa tana ƙarewa wata ta kama hannunta.

Baffana, ƙanen Baba, mai gasa tsire a unguwar Jarwal, shi ɗan ja ne na mutuwa. Ranar Juma'a bayan la'asar sukan zauna a saman soro, lokacin da zafi ya ɗan sassauta tattabaru suna ta kewaya, su yi ta musu har shayi ya huce.

"Wallahi yaya, waƙa ɗaya ta 'yan ja ta fi duk abin da 'yan korenka suka yi tun da aka haife su," in ji Baffa.

Baba ya ce, "Ɗayar ce za ta kai ka Jidda? Ni in zan auna mawaƙa, kasetinsu mafi muni nake ɗauka in saurara."

Kaka kuwa duk ba ta son zancen. A ganinta yarinya marar lafiya addu'a take buƙata, ba ihun Turawa masu gashin mata ba. Kafin mu fita sai ta yi mini tofi a ruwan zamzam in sha. In mun dawo ta zaunar da ni a tabarmarta, ta naɗe mini hannun riga, ta bi wuraren da aka manna filasta tana shafa man zaitun a gefensu. Daga nan ta ɗaga kai ta harari Baba.

"Yau kuma waɗanne shaiɗanun ka kunna mata?"

Shi kuma ya yi dariya ya faɗi launin. Ta ja tsaki, ta ci gaba da shafa. Kowane wata haka, mun ɗauka wani reshe ne na faɗanta.

Sai wata shekara ranar ƙarin jinina ta faɗo ana gab da fita Arfa. Wanda ya zauna a Makka ya san yadda garin yake komawa a irin kwanakin: tituna a cike, unguwa ba maza, kowa ya tafi aikin alhazai. Baba yana Mina da babbar motar ɗaukar alhazai, ba halin fitowa. Mahaifiyata ba ta daɗe da haihuwar ƙanen nan nawa mai tsallake waƙa ba. Watan da ya gabata kuma an riga an fasa mini saboda ciwo ya tashi a hanya, likita ta ja kunne cewa kada a sake. Baffa ya rufe shagonsa a ranar da ya fi kowace rana ciniki, ya ɗauki motar Baba. Kaka ta yafa mayafi ta ce ita za ta raka takwararta.

Ni da ita muna baya, kaina a cinyarta, rana tana dukan gilashi, na'urar sanyaya mota tana hura abin da ta iya. Muna wuce iyaka Baffa ya leƙo ta madubi yana murmushi.

"Yalla ya binti, tashi 'yata, yau za ki ji kiɗa na gaske."

Ya tura 'yan ja. Kaka ta ce a'uzubillahi, ta ƙara saurin carbi. Gaskiya waƙar farko ta yi daɗi, har na ɗago kai. Ta biyu ta zo da sanyin jiki. Ta uku wani ne yake ta jan murya shi kaɗai kamar mai ciwon haƙori, nan take na tuna Baba ba ya nan, na tuna warin asibiti. Na ji ƙugu ya fara wannan cizon da na sani. Na fashe da kuka ina cewa a mayar da ni gida. Baffa ya rikice, ya tura kaset gaba, ya faɗa wata da ta fi ta baya muni, ya sake turawa. Gumi ya jiƙe masa wuya. Ya rage gudu ya ce, "Inna, ko mu juya ne? Kada ciwon ya tashi mana a daji."

Kaka ta ajiye carbinta a kan kujera. Ban taɓa ganin ta ajiye shi ba sai za ta yi alwala.

"Ba inda za mu juya. Cire wannan, ka sa mata 'yan kore."

Baffa ya waiwayo har motar ta ɗan karkace. "Inna?"

"Dubi gabanka. Na ce 'yan kore. Duk ranar da yayanka ya ce su ya sa, da filasta ɗaya take dawo mini. Waɗannan jajayen naka kuwa hannu biyu duk a huje."

Ashe duk tambayar nan da take yi tana tsaki, riƙewa take. Baffa ya buɗe akwatin gaban mota da hannu ɗaya, kaset masu koren tef suka zubo. Ya ce, "Suna da yawa, wanne daga ciki?"

"Duk wanda hannunka ya kai. Ba yayanka ya ce ba su da na yarwa ba?"

Ƙas. Ganga ta shigo a hankali, jita ta biyo ta, muryar da na sani kamar ta ɗan gidanmu ta fara. Kaka ta ɗauki carbinta, ɗaya hannun tana danna mini ƙugu. Ban ce ciwon ya tafi gaba ɗaya ba, amma ya tsaya inda yake, bai hau ba. Waƙa ta kama hannun waƙa, Baffa ya juya kaset, har muka fara jin damshin iskar teku. A ranar suka ɗaya aka yi mini jijiya ta samu. Na kwanta jini yana sauka, Kaka a gefena tana gyangyaɗi, na ji ina sonta har cikin ƙashina.

A hanyar dawowa, tana hango alamar iyaka ta taɓa kafaɗar Baffa ta ce, "Ya isa, kashe." Da Baba ya dawo daga Mina, ya yi baƙi ya rame, Baffa ya ba shi labari. Ya yi dariya har da hawaye, ya je ya durƙusa gabanta yana tsokanarta wai ashe Inna 'yar kore ce. Ta kai masa duka da mafici. Har ta koma ga Allah ba ta daina kiransu shaiɗanu ba, iyaka dai takan ƙara da cewa su 'yan kore suna da riƙon amana. Baffa ma bai tuba ba, har gobe yana nan a kan waƙarsa guda, amma bai taɓa cewa za ta kai mutum Jidda ba.

Yanzu gidan Tandabawi babu shi, mun koma bayan gari inda ba matakala ba tattabaru. Motar ta tafi wajen 'yan gwangwan, zafin Makka ya narkar da yawancin kaset ɗin. Na nemo ainihin sunayen mawaƙan a waya, amma bakina ya ƙi su, 'yan kore dai nake cewa. Ɓarin jikina bai shanye ba, alhamdulillahi. Na yi karatu, ina aiki, an samu magungunan da suka rage mini zaryar asibiti, kuma ni nake tuƙa kaina, abin da, da Kaka ta gani, sai ta yi salati ta kuma shiga gaba ta zauna. Yaran yanzu suna da waƙoƙin duniya duka a aljihu, ba sa jiran ko ɗaya ta ƙare. Ina yi wa ƙanena faɗa, amma a raina ina gode wa Allah da bai taɓa buƙatar kaset ya riƙe shi ba.

Watan jiya aka sa wa Baba ranar aikin ido a Jidda, yanar ido ta rufe masa gani. Mutumin da ya yi shekaru yana ce mini allura ba komai ba ce, sai ga shi a kujerar gefena ya dafe gwiwoyi, leɓensa a bushe. Karatu muka ji har muka wuce babbar ƙofar, muka wuce shinge. Muna fita iyaka na kai hannu na kunna.

Ya karkato kunne. "Uwata, wanne kika sa a ciki?"

Na ce, "Wanda hannuna ya kai, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ya jingina da kujera. Kafin mu kai Bahra na ga yatsunsa suna buga ganga a kan gwiwa.